Kaina ya cika fal, na rasa ta inda zan fara. Me kuke yi ku samu natsuwa?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema. Ni tela ce, a gida nake ɗinki, 'ya'yana huɗu, ƙaramar ba ta cika shekara biyu ba. Wata uku ke nan kaina ba ya hutawa. Ina yankan atamfa ina tunanin kuɗin makaranta, ina girki ina lissafin zubin adashi. In na kwanta kuwa sai duk abin da ban gama ba ya zo ya tsaya mini a rai: rigar da na yi alkawarin Juma'a, maganin Inna da ya kusa ƙarewa, gaisuwar rasuwar da ban je ba, saƙonnin WhatsApp da ban amsa ba. Shekaranjiya na yanka shaddar mutane da awon wata daban, yadi biyar, sai da na biya. Abin da ya fi damuna shi ne sallah. Sai in kai raka'a ta uku ban san abin da na karanta a ta farko ba. Ba wani babban abu ne ya same ni ba, Alhamdulillah, ƙanana ne suka taru suka yi mini yawa. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, me ya yi ya samu sauƙi?

Abu_Sumayya:
Wa alaikumus salam. Allah Ya yaye miki, 'yar'uwa. Ki riƙe azkar na safe da yamma, ko da kaɗan ne, amma kullum. A Suratur Ra'ad, aya ta 28, Allah Ya ce da ambatonSa zukata ke natsuwa. Sannan akwai addu'ar da Annabi (SAW) yake yawan yi, wadda ta fara da "Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan". Ki lura da abin da ke cikinta: neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala, har da nauyin bashi. Kin ga halin da kike ciki ba baƙo ba ne.

Ummu_Fadil:
Wallahi kamar labarina kika rubuta. Ni ban da shawara, na zo ne in ji abin da za a ce.

Tela_Fagge:
Hajiya, sana'armu ɗaya, shekarata 19 a kan keke, bari in faɗa miki ta fuskar aiki. Tela bai fiye rasa ciniki ba, abin da ke cinye shi shi ne kunyar cewa a'a. Na yi shekaru ina karɓar duk abin da aka kawo, musamman gab da sallah. Kaya su taru a buhu, kowace leda da ranar da na yanka wa mai ita, kuma duk a kaina nake riƙe. Wata shekara na kwana huɗu ban yi barcin kirki ba, daren sallah hannuna yana rawa har na kasa zura zare a allura.

Bayan nan na sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Kowane kaya na rubuta sunan mai shi, awo, kuɗin da ya bayar, da ranar karɓa, in yanki ɗan ƙyalle in manna a gefen shafin. Na kuma ƙirga da gaskiya kala nawa nake iya gamawa a sati ba tare da na kashe kaina ba. In lissafin ya cika sai in ce, "Ki yi haƙuri, sai bayan sati biyu, in ba za ki iya jira ba ga wane." Daga goma ga azumi kuma na rufe karɓar ɗinkin sallah. Wasu sun yi fushi sun tafi. Da yawansu sun dawo, domin sun gane ranar da na faɗa ita ce ranar.

Gaskiya_Daya:
Ni dai a ganina rashin tawakkali ne ke kawo duk wannan. Iyayenmu sun haifi goma goma, ba su san wata damuwa ba. Mutum ya dogara ga Allah kawai.

Nas_Hauwa:
@Gaskiya_Daya Malam, don Allah a yi hattara da irin wannan maganar. Baiwar Allah ta ce abin da ya fi damunta shi ne sallarta, ka ga ba mai sakaci da addini ba ce. Kuma iyayenmu sun sha damuwa, sai dai ba su da bakin faɗa. Mata nawa ne aka ce suna da ciwon zuciya ko aljanu, alhali nauyi ne ya yi musu yawa?

Maman Ilham, ni ma'aikaciyar jinya ce, ina da tambayoyi. Awa nawa kike barci? Gabanki yana faɗuwa haka kawai? Kin rame, ko kina yawan zufa da rawar hannu? Kina jin jiri in kin miƙe? Na tambaya ne saboda akwai cututtukan jiki da ke zuwa da kamannin damuwa. Ƙarancin jini yana sa gajiya, bugun zuciya da rashin tara hankali, kuma ya yi yawa a mata masu haihuwa da shayarwa. Halittar nan ta gaban wuya, wadda in ta kumbura ake cewa maƙoƙo, ita ma in tana aiki fiye da ƙima tana hana barci ta sa fargaba. Ki je a auna jininki, a duba hawan jini. Ba gwaji mai tsada ba ne.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai. @Nas_Hauwa Anti, barci dai bai fi awa huɗu zuwa biyar ba. Da dare nake ɗinki in yara sun kwanta, in an kawo wuta, wani lokacin har ƙarfe ɗaya, ga ƙaramar tana tashi shan nono. Jiri kam ina ji. Zan je in sha Allah. @Tela_Fagge ina da littafin awo, amma ranakun alkawari a kaina suke. Gaskiya ban taɓa ƙirga nawa nake iya yi a sati ba.

Nas_Hauwa:
To ga babban ɓarawon nan. Babba yana buƙatar awa bakwai zuwa tara. Wata uku kina awa huɗu, ko ba ki da matsalar komai dole kai ya kulle.

Malama_Zariya:
Ina koyar da darasin halayyar ɗan'adam, bari in ƙara a kan maganar littafi, domin tana da tushe. Wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe abin da ake aiki da shi a yanzu ƙarami ne ƙwarai. A 1956 wani masani ɗan Amurka, George Miller, ya ce kamar abu bakwai yake ɗauka, waɗanda suka zo bayansa suka ce bai ma fi huɗu ba. Ke kuma kin ɗora masa talatin. Kamar faranti ne aka juye masa tuwon gidan biki.

Akwai kuma wata masaniya, Bluma Zeigarnik, da ta yi bincike a Balin ta Jamus a 1927, ta ga aikin da aka katse ya fi maƙalewa a rai a kan wanda aka gama. Shi ya sa rigar da kika ɗinke ba ta zuwa miki da dare, sai wadda ke jira. Kuma a 2018 an yi wani ɗan gwaji a Jami'ar Baylor ta Amurka da mutum 57: wasu aka ce su ɗauki minti biyar kafin kwanciya su rubuta ayyukan da ke gabansu, wasu su rubuta waɗanda suka gama. Masu rubuta na gaba sun riga sauran yin barci da kusan minti tara. Ƙaramin gwaji ne, amma ni na gwada a kaina na ga amfani. Ki ajiye takarda kusa da katifa. Kada ki rubuta "gaisuwar rasuwa" kawai, ki rubuta "Asabar bayan la'asar, zan bi ta gidan in na dawo daga sayen zare". Abin da aka ba shi rana da lokaci yakan saki mutum.

Abu_Sumayya:
Malama, maganarki ta tuna mini wani hadisi a Bukhari. Wata rana Annabi (SAW) ya sallame la'asar, sai ya tashi da sauri ya shiga ɗakin ɗaya daga cikin matansa, har sahabbai suka tsorata. Da ya fito ya ce ya tuna wani zinare ne da ke wurinsu, bai so ya tsare shi ba, sai ya yi umarni a raba. Abu ya faɗo masa, yana idarwa ya je ya sauke shi. Haka kuma an hana yin sallah in an ajiye abinci ko mutum yana matse da bawali, domin a kawar da abin da zai raba hankali tun kafin a tayar. Don haka Maman Ilham, kafin ki yi kabbara ki sauke tukunya ko ki rage wuta, ki miƙa yarinyar ga yayarta, ki zauna minti biyu bayan alwala. Kuma kada ki ɗauka sallarki ta lalace. Sahabi Usman bin Abil As ya kai wa Annabi (SAW) kukan irin wannan rikicewar a sallah, ba a zarge shi ba, an koya masa neman tsari ne.

Gaskiya_Daya:
To na karɓi gyara. Ban yi nufin ɓata wa kowa rai ba. Allah Ya ba ta lafiya.

DanKasuwa_Singa:
Duk na ji, amma a faɗi gaskiya. Babu ce ke cika wa mutane kai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wane ne kansa yake daidai? Ku ce wa mace ta rage karɓar ɗinki, da me za ta yi zubi? Ku ce ta yi barcin awa takwas, wuta da tsakar dare ake kawowa. Takarda da biro ba sa biyan kuɗin makaranta. Ni kaina lissafin bashin da nake bi da wanda ake bina ne ke tashina ƙarfe uku na dare.

Tela_Fagge:
Alhaji, ban musa ba. Amma ka duba, ta biya shadda yadi biyar saboda gajiya. Ribar kala nawa ce ta tafi a nan? Ni da na rage karɓa kuɗina bai ragu sosai ba, domin gyara da biyan ɓarna sun ragu, na kuma ɗan ƙara kuɗin ɗinki ga mai son gaggawa.

DanKasuwa_Singa:
Wannan kuma haka ne. Amma ba kowa ke da kwastoman da zai jira ba.

Hajiya_Kaka:
'Ya'yana, ni na haura sittin, jikata ce ta saka ni a nan. Wahala mun sha ta, wanda ya ce ba mu sha ba bai sani ba. Amma wahalarmu ɗaya bayan ɗaya take zuwa. In kina daka, daka kike yi. In kina surfe, ke da turmi ne da matan gida, ana yi ana hira, abin da ke ranki ya fita tare da zufa. Labarin rasuwa sai an aiko yaro. Yanzu kuwa kina tuƙa tuwo waya tana gaya miki an sace mutane a wani gari, wance ta haihu, wance tana son rigarta, an saka ankon biki. Zuciya ɗaya ce, ba ta ƙaru ba.

Kuma mu a babban gida muka zauna. In na gaji, kishiyata ko matar ƙanin miji ta karɓi yaro. Ku yanzu kowa ta kulle ƙofarta ita kaɗai da yara huɗu. 'Yata, ba ki da ƙanwa ko 'yar riƙo da za ta zo miki ko kwana biyu a sati? Neman taimako ba gazawa ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Zee_Kaduna:
Hajiya ta gama magana. Amma ina da tambaya: ina maigidan a duk wannan lissafin? Maganin Inna, kuɗin makaranta, girki, raino, ɗinki, duk a kan mutum ɗaya?

Baban_Amir:
@Zee_Kaduna kada a mayar da zancen faɗan maza da mata. Ba mu san halin gidan ba.

Zee_Kaduna:
Ba faɗa na kawo ba, Yaya. Tambaya ce. Sau da yawa namiji bai ma san yawan abin da matarsa ke riƙe da shi a ka ba, domin ba ta faɗa, shi kuma bai tambaya.

Baban_Amir:
A nan kin yi gaskiya, kuma ni shaida ne. Matata ta taɓa rubuta mini duk abin da take bi a sati, daga ranar rigakafin yaro har ranar da gas zai ƙare. Da na karanta jikina ya yi sanyi. Tun daga ranar na ɗauke mata kai yara makaranta da duk abin da ya shafi asibiti da magani. Ba taya ta nake yi ba, nawa ne gaba ɗaya, har tuna ranar. Ta ce wannan ne ya fi sauƙaƙa mata, domin aikin da sai ta tuna maka ka yi, har yanzu a kanta yake.

Maman_Ilham:
Maigidana yana ƙoƙari, direba ne, sai ya yi kwana huɗu ko biyar a hanya. Amma gaskiya ban taɓa zama na lissafa masa haka ba. Kunya nake ji kada ya ga kamar raki nake.

Direba_Mai_Tirela:
Ƙanwata, ki faɗa masa. Mu da ke kan hanya mun fi son a gaya mana a kan mu dawo mu tarar da mace ta kwanta ciwo. Sannan ina jan kunnen duk mai karantawa: kada gajiya ta kai ku ga ƙwaya. Na ga abokan aiki da suka fara da tiramadol don su jure tuƙi, wasu da maganin tari mai kodin don su samu barci, tun kafin gwamnati ta hana shi a 2018. Daren farko yana kwantar da kai, bayan wata shida shi ne babbar damuwar. Har maganin barci na kemis, kada a sha sai likita ya rubuta.

Dan_Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Ni nawa shayi ne ya yi mini. Mu nan ataya sai an yi zagaye uku, kuma bayan isha'i muke zama. Ga goro a baki tun safe. Na daɗe ina cewa tunani ne ke hana ni barci, ashe rabin abin shayin ne. Da na maida shi bayan azahar na bar na dare, cikin sati guda na ga bambanci.

Nas_Hauwa:
Haka ne. Goro, shayi, kofi da lemon ƙarin kuzari duk suna da sinadarin kafeyin, kuma bayan kamar awa biyar rabinsa yana nan a jini. Wanda aka sha ƙarfe tara na dare yana aiki har asuba. Tela da yawa da shi suke jure ɗinkin dare.

Ga wani abu kuma da za ki iya yi a take in kin ji kai ya ɗau zafi. Ki cire ƙafa daga keke, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida ko takwas. Fitarwar ta fi shaƙar tsawo, nan sirrin yake, domin lokacin fitar da numfashi bugun zuciya yana sassautawa. Ki yi kamar sau goma. Ba zai biya bashi ba, kamar yadda Alhaji ya ce, amma zai hana ki saka almakashi a shadda hankalinki yana wani wuri.

Rahila_Jos:
Ni Kirista ce, amma ciwon ɗaya ne. Mahaifiyata takan tuna mini da maganar da ke cikin Matiyu 6:34, cewa kada a damu da gobe, wahalar yau ta ishi yau. Abin da nake yi shi ne da asuba kafin kowa ya tashi in zauna a waje minti goma, ba waya, in yi addu'a, in zaɓi abu uku kacal da in na yi su ranar ta yi kyau. Sauran in an samu dama. Kuma tafiya a ƙasa tana taimakona sosai. In na sauka a mota nakan sauka kafin layinmu in ƙarasa da ƙafa.

Sadiq_Dalibi:
Ni waya ce matsalata. Na ƙirga na ga ina cikin guruf 23. Na fita daga 14, sauran na kashe musu ƙara. Yanzu ƙarfe goma nake saka ta caji a falo in shiga ɗaki. Daren farko na kasa, sai da na tashi na ɗauko ta. Anti, tunda da WhatsApp kike ciniki, ki rubuta a bayananki cewa kina amsa saƙo daga tara na safe zuwa magariba. Mutane suna sabawa.

Ummu_Fadil:
Na ce ba ni da shawara, amma bari in faɗi nawa ko wata za ta amfana. Ni abin ya wuce cikar kai. Bayan haihuwata ta uku na daina jin daɗin komai, ina kuka ba dalili, ko wanka sai an matsa mini. An yi mini rubutu, an yi ruƙiyya, na yi azkar, kuma ban raina ko ɗaya ba. Amma sai da yayata ta kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa na fara dawowa daidai. Na ɓoye wa kowa don kada a ce na haukace. Yau shekara biyu, lafiyata ƙalau.

Nas_Hauwa:
Allah Ya saka miki da alheri da kika faɗa, Ummu Fadil. Ga ma'aunin da muke amfani da shi: in mutum ya kai sati biyu kusan kullum cikin ƙunci, ya daina jin daɗin abin da ya saba so, ci da barci sun canja, to a ga likita. In kuma tunanin cutar da kai ko gajiya da rayuwa ya fara zuwa, ba a jira, a ranar za a gaya wa wani a tafi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen. Ba sai wanda ke yawo a titi ake kaiwa ba. Tun Janairun 2023 ma an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta tanadi haƙƙin mara lafiya, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Abin da Maman Ilham ta bayyana ya fi kama da gajiya da rashin barci, amma ita ta san abin da ke ranta.

DanKasuwa_Singa:
Na koma na karanta duka. Har yanzu ina nan a kan cewa in aljihu ya yi sauƙi rabin wannan zai tafi. Amma jiya na rubuta basussukan nan a takarda, wanda nake bi gefe ɗaya, wanda ake bina gefe ɗaya. Wanda ake bina bai kai yadda yake a kaina ba. Na dai farka ƙarfe uku duk da haka.

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana shida. Na je an auna, jinina ya yi ƙasa, an ba ni maganin ƙarin jini an ce in koma bayan wata ɗaya. Na rubuta duk ɗinkin da ke hannuna, kala 27 ne, ni kuma bai fi takwas nake gamawa a sati ba. Na kira mutum biyar na ɗaga musu rana. Huɗu sun ce ba komai, ɗaya ta aiko an karɓi kayanta, kuma abin ya yi mini ciwo don tsohuwar kwastoma ce. Na je gaisuwar nan ranar Asabar. Maigida ya dawo jiya, ban samu na yi masa maganar ba tukuna, ina ta juya yadda zan fara. Sallar asuba da magariba na ji sauƙi, azahar da la'asar har yanzu hankalina yana kan keke.

Hajiya_Kaka:
Ki bari ya ci abinci ya huta, sannan ki miƙa masa takardar kawai ki ce ya duba miki. Maganar ƙanwar fa, kin nema?

Maman_Ilham:
Na yi wa Inna magana, ta ce za ta turo mini autarmu in sun gama jarrabawa. @Tela_Fagge don Allah kuɗin gaggawar nan da ka ce, nawa kake ɗorawa a kan kala ɗaya, kuma yaya kake faɗa wa wadda kuka saba da ita?